Daga Ikara Zuwa Maraɗi da Fitilar Gwaji

Tun da na dawo daga ƙasar Nijar ban samu sukuni a gareji ba. Duk wanda ya kawo gyara, kafin ya faɗi abin da ke damun motarsa sai ya ce, "Ɗahiru, wai da gaske ne mota ta mutu muku a can?" Na ba da labarin har ya fara sauya kama a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani a teburin mai shayi yana rantsuwa wai da allurar ɗinki na tayar da injin. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi yadda ya faru.

Ni mutumin Paki ne, amma a Ikara nake sana'a. Mai wayarin ne ni, wato duk abin da ya shafi wutar mota, daga batir zuwa fitila, shi ne aikina shekara ashirin da ɗoriya. Kafin wannan tafiya iyakacina Kano da Kaduna.

Wata Talata cikin bazara aka kira ni a waya aka ce in zo Nasarawan Doya ta ƙasar Makarfi, gidan Alhaji Isiyaku mai mazarƙwaila. Na san shi, don na taɓa yi masa wayarin tsohuwar akori-kurarsa ta ɗaukar rake. Dattijo ne da ya haura saba'in. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne kusa da Maraɗi, yunwa ta koro shi yana saurayi, ya zauna a nan ya yi gona ya yi iyali. Ƙanwarsa guda ce ta rage masa a can, Gwaggo Hajo, kuma yanar ido ta rufe mata gani shekara uku. An samo mata rana a asibitin ido a Kaduna, Litinin mai zuwa. Ita kuwa ta aiko da saƙo cewa ba za ta shiga motar kowa ba sai in yayanta ne ya zo da kansa. Shi kuma Alhaji yana da ciwon suga, yana yi wa kansa allura safe da yamma, kuma ruwan allurar ba ya son zafi ko kaɗan.

Na tarar da motar a ƙofar gida, doguwa mai kujeru bakwai, tana sheƙi. Ta ɗansa Nasiru ce, ma'aikaci a Kaduna. Saboda wannan tafiya ya kai ta wani shago a birni aka ƙawata ta: ɗan firji a bayan kujera don maganin Baba, doguwar fitila a kan rufi, kyamarar ganin baya, da manyan sifiku a but, wato wurin kaya na baya. Tun daga ranar, duk safiya sai an tura ta.

Na durƙusa na gai da Alhaji a kan tabarmarsa, muka daɗe muna gaisawa, ya tambayi iyali da mutanen Paki ɗaya bayan ɗaya. Nasiru yana tsaye da makulli a hannu, ya dubi akwatin kayan aikina na katako da aka ɗaure da roba a bayan babur.

Ya ce, "Malam, ba ka da kwamfutar gwaji? Wannan motar ba irin na ƙauye ba ce. Batir biyu na sauya cikin mako guda."

Na ce, "Ba ni da ita. Bari dai in gani."

Na kashe komai, na cire makulli, na kwance wayar batir guda, na sa fitilar gwajina tsakanin wayar da kan batir. Ƙwan fitila ne ɗan ƙarami da waya biyu, ni na haɗa abina. In mota tana barci yadda ya kamata, da ƙyar za ka ga ja a cikin ƙwan. Wannan kuwa ya kama tar. Na nuna wa Nasiru na ce, "Ka ga wannan hasken? Wutar batirinka ce take fita alhali motar a kashe take."

Na bi fiyus-fiyus ina zarewa ɗaya bayan ɗaya, hasken bai rage ba. Wannan ya nuna mini ɓarawon ba ta akwatin fiyus ya bi ba. Ina leƙa gefen batir sai ga wata jar waya mai kauri an ɗaura ta kai tsaye, an cusa ta ta wani rami zuwa cikin mota, babu fiyus ko ɗaya a kanta. Ita ke ba sifiku da firji da fitilar rufi wuta dare da rana. A inda ta ratsa ƙarfe har ta fara goge bawonta. Na kira Nasiru ya taɓa wurin da yatsa. Na ce masa saura kaɗan jan ƙarfen ya taɓa jikin mota, kuma ranar da ya taɓa ba batir ne zai mutu ba, gobara ce. Ya janye yatsansa da sauri.

Na raba su, kowanne na ba shi fiyus ɗinsa daidai ƙarfinsa, na mayar da su ta makulli yadda in an kashe mota su ma za su mutu. Da na sake gwadawa, ƙwan ya koma ja-ja. Amma jan ya ɗan fi yadda na saba gani. Na tsaya na dube shi, na ce a raina agogo ne da rediyo, na rufe bonet. Wannan kuskurena ne, kuma za ku ji inda ya kama mu.

Alhaji ya ce, "Ɗahiru, ka je ka sallami iyalinka. Da kai za mu tafi."

Nasiru ya ce ai an gyara, babu buƙata. Alhaji bai ko dube shi ba, ya ce, "Jibi bayan asuba."

Uwargidana da ta ji Nijar za ni, sai ta cika mini leda da ƙuli-ƙuli da soyayyen gari kamar wanda zai shekara. Na nemo katin shaidata, na ƙara fiyus da waya da salatif a akwati.

Ranar Alhamis muka tashi mu uku, Nasiru a sitiyari, Alhaji a gefensa, ni a baya tare da firji da buhu biyu na mazarƙwaila na tsaraba. Motar ta tashi bugu ɗaya. Muka ratsa Makarfi, muka yanke ta Kudan don mu faɗa Hunkuyi mu kama hanyar Danja. A nan ne hanya ta fara gargada, kuma a nan ne ciwo na biyu ya fito. Duk lokacin da Nasiru ya taka birki, sai fitilar sigina ta kama a dashbod, hoton kyamarar baya ya yi tsalle ya fito ya ɓace. Wani mai babur ya bi mu yana ɗaga hannu, ya ce, "Direba, dama za ka ko hagu? Duka biyun kake nunawa."

Muka tsaya a gindin wata bishiyar mangwaro inda wani mai rake ya kafa baro. Nasiru ya fito ransa a ɓace, ya ce, "Kafin ka taɓa ta, ba ta yin wannan."

Na ji zafin maganar, amma na haɗiye. Na ce kafin in taɓa ta ba ta hau irin wannan hanya ba. Duk fitilar mota tana da baƙar waya da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, ta nan wuta ke komawa batir. In wannan ɗaurin ya yi sako-sako, wutar sai ta nemi wata hanya, ta bi ta fitilar da ba a kira ta ba. Na buɗe murfin fitilar baya. Wanda ya sa kyamara ya kwance baƙar wayar ya haɗa da tasa, ya mayar da su a kan fenti da 'yar ƙusa wadda ko rabi ba ta shiga ba. Na ari wuƙar mai rake na kankare fentin har ƙarfe ya fito fari, na ɗaure da noti. A akwatin fiyus na baya kuma na tarar an naɗe fiyus ɗin birki da ya ƙone da takardar sigari mai sheƙi. Na ciro na miƙa wa Nasiru a tafin hannu.

Mai raken ya leƙo ya ce, "A birni aka yi wannan?" Nasiru ya ce a birni. Mutumin ya girgiza kai ya fere mana sanda uku, ya ƙi karɓar komai, ya ce mu gai da mutanen Nijar.

Daga Danja muka bi Malumfashi, muka yi azahar a wani masallacin bakin hanya, muka isa Katsina da la'asar. Mun sauka a gidan wani abokin cinikin Alhaji da ke sarar mazarƙwaila a wurinsa shekaru da yawa. Aka shimfiɗa mana a ɗakin zaure, aka sa maganin Alhaji a firjin gidan. Tuwon da aka kawo na dawa ne da miyar kuka mai yaji da man shanu, kuma matar gidan ta aiko da tambaya ko Zazzagawa suna iya cin yaji. Na aika mata da kwanon a sharce. Katsinawa suna da tsokana. Maigidan ya yi ta ce mini "na Zazzau mai rake", ni kuma na ce masa da ba don rakenmu ba da shayinsu lami ne.

Da safe motar ta sake tashi bugu ɗaya. Nasiru ya dube ni ta madubi, na ga ya daina ɗaure fuska.

Hanyar Jibiya akwai shingayen jami'an tsaro da yawa, sai mu tsaya a gaisa a leƙa mu wuce. A bakin iyaka aka ce kowa ya sauko. Na ɗauka zan ga katanga ko babbar ƙofa. Sanda ce kawai aka gitta, da 'yan ofisoshi, da masu fura da masu canji a ƙarƙashin rumfa, kuma gonar da ke wannan gefe ba ta da bambanci da ta wancan. A ɓangaren Nijar wani jami'i ya buɗe akwatina ya ɗaga fitilar gwaji yana juya ta. Ya yi mini tambaya da Faransanci, ban gane ba, sai ya yi dariya ya maimaita da Hausa, "Mi kake aiki da wagga?" Na yi masa bayani. Ya ce to ga babur ɗinsa can, hon ya daina ƙara mako biyu. Kan waya ne ya yi tsatsa, ban yi minti biyar ba. Da ya danna ya ji ƙara, sai ya kira abokan aikinsa su ji.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ranar ba iyakar ba ce, Alhaji ne. Shekara fiye da hamsin yana zaune a ƙasar Makarfi, Hausarsa irin tamu ce. Muna wuce sandar nan harshensa ya juya. Ya gai da wani tsoho mai jaki, na ji yana cewa "lahiya lau", yana cewa "mi ya hwaru", kamar jiya ya bar gida. Nasiru ya ce, "Baba, yaushe ka koyi wannan?" Ya ce, "Ba koya na yi ba. Ajiye ta na yi."

Mun wuce garin Ɗan Isa da kamar tafiyar minti goma, rana ta take tsaka, Nasiru ya rage gudu saboda tudun kwalta a bakin wani ɗan ƙauye. Injin ya yi shiru. Babu tari, babu jijjiga, kamar an hura fitila. Ya murza makulli, kik yana juyawa lafiya amma ba ta kama ba. Ya sake, ya sake, ina ce masa ya dakata yana cewa yanzu za ta kama, har na ji batir ya fara ja da ƙyar. Na miƙa hannu daga baya na zare makullin.

Mutanen ƙauyen suka taya mu turawa zuwa inuwar wata bishiyar bedi. Zafin wurin ya fi namu, iska ma in ta buso kamar daga bakin murhu take. Ga shi mota a kashe, kuma dole in kwance batir kafin in shiga cikin wayoyi, wato firji ya mutu ke nan. Alhaji ya buɗe shi ya dubi 'yan kwalaben maganinsa, ya rufe. Duk mun san lissafin. In maganin ya lalace, dole a juya da shi neman wani. In aka juya, ranar Litinin ta wuce Gwaggo Hajo, kuma ba mu san yaushe za a sake ba da wata ba.

Wata mata mai sayar da fura a gefen hanya, Ta-Allah sunanta, tana jin abin da muke faɗa. Ta ce, "Baba, kawo su nan." Ta sa kwalaben a ƙaramar leda ta ƙulle, ta sa a cikin wani ɗan kwano, ta ɗora kwanon a kan ruwan randarta da ke binne rabi a cikin jiƙaƙƙen yashi, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Nasiru ya tambaya ko zai isa. Ta ce nononta a nan yake wuni bai taɓa tsinkewa ba. Ta shimfiɗa wa Alhaji tabarma, ta dama masa fura ba suga. Furarsu ta gero ce zalla, ta fi tamu ruwa, kuma ba a sha da cokali sai da ludayi, ana miƙa wa na kusa.

Aka kirawo bakaniken garin, Malam Sale, wani dogo mai furfura a gemu. Ya saurari kik sau ɗaya, ya cire tiyon mai ya ga babu ɗigo, ya ce famfon mai ne ya mutu. Sai an sauke tanki, a aika Maraɗi a nemo wani, in an dace gobe Asabar da yamma, in ba a dace ba sai Litinin. Ba maganar banza ya yi ba. Ko ni aka kawo wa mota haka a Ikara, abin da zan fara zato ke nan.

Nasiru ya ce a fara kwancewa. Na ce a ba ni rabin sa'a tukuna.

Ya ce, "Malam Ɗahiru, wannan ba aikin waya ba ne."

Alhaji daga kan tabarma ya ce, "Nasiru, ba shi."

Na buɗe murfin tanki na kara kunnena, na ce Nasiru ya murza makulli rabi. Famfo mai rai yana yin ɗan gurnani na daƙiƙa biyu. Shiru. Na duba fiyus ɗinsa, lafiya lau, kuma fitilar gwaji ta kama a kansa. Na ɗaga kujerar baya na kai ga soket ɗin famfon, na gwada, babu wuta. Wato wuta tana barin fiyus amma ba ta isowa. Na jawo doguwar waya daga batir na taɓa wa famfon kai tsaye. Ya yi gurnani. Malam Sale da ke durƙushe kusa da ni ya ɗago kai ya ce, "Pamp ɗin na da rai."

Na ce, "Yana da rai. Wani abu ne ya tare masa wuta a hanya."

A nan jan ƙwan nan na Nasarawan Doya ya faɗo mini. Akwai abin da ke shan wuta a motar nan wanda ban gani ba, kuma na rufe bonet a kansa. Na ji kunya ta kama ni, amma ba lokacinta ba ne.

Na kwance batir, muka ɗaga shimfiɗar ƙasa ni da Malam Sale, muka bi wayar famfon taƙi bayan taƙi daga baya zuwa gaba. Gumi yana shiga mini ido, ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Shi yana riƙe da tocila yana faɗa mini sunayen abubuwa da nasu bakin, fiyus wai fizibil, baƙar wayar jikin ƙarfe wai mas, ni ina faɗa masa namu. Wayoyin kamfani duk naɗinsu ɗaya ne, tsohon baƙin tef da ya sha ƙura. A bayan akwatin da ke gaban kujerar Alhaji, can ciki inda hannu ke shiga da ƙyar, yatsana ya taɓa tef mai santsi, sabo. Na jawo a hankali. An yanke wayar famfon gida biyu, an ratsa ta ta cikin wani ɗan makunni, shi kuma an haɗa shi da wani baƙin akwati da bai kai akwatin ashana biyu ba, da 'yar fitila shuɗiya a jikinsa.

Na ɗaga shi na ce, "Nasiru, mene ne wannan?"

Ya dube shi. Sai ya dafe kai. Ya ce na'urar hana sata ce. Masu shagon sun ce kyauta ce a cikin aikin, in an sace mota aka yi nisa da ita za ta kashe injin da kanta, sai mai ita ya buɗe ta waya. Sun tambaye shi iyakar da za a sa mata, ya ce a sa Najeriya, ya manta da maganar gaba ɗaya. Ya ciro wayarsa don ya buɗe, babu sabis ko ɗigo, layinsa ya tsaya tun a Ɗan Isa.

Malam Sale ya ce, "Ashe mota ta ɗauka ku ɓarayi ne." Mutanen da suka taru suka yi dariya, har Alhaji.

Na cire makunnin, na haɗa wayar famfon yadda kamfani ya yi ta, na murɗe ta sosai, Malam Sale ya kawo dalma muka like, na naɗe. Batirinmu ya riga ya yi rauni, sai ya ɗauko nasa daga shago a kan kafaɗa muka jona. Na ce Nasiru ya murza rabi. Daga inda nake tsaye na ji gurnanin. Na ce ya ƙarasa. Ta kama.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na tayar da motoci da ba zan iya ƙirgawa ba, amma ban taɓa yi a ƙasar wasu ba, mutum talatin suna kallo, da dattijo a kan tabarma yana jiran ya ga ƙanwarsa. Nasiru ya fito ya kama hannuna da hannu biyu, duk baƙin mai, ya ce, "Malam Ɗahiru, ka yafe mini maganganun da na yi." Na ce ni ma da laifina, na ga alama tun a gida na wuce ta. Na faɗa a gaban kowa, don gaskiya ce.

Malam Sale bai bar mu mun tafi ba sai da muka sha shayi. Nasu ba irin namu ba ne na babban kofi da madara da burodi. A 'yar buta ake dafa shi a kan gawayi, a zuba a ɗan gilashi kamar na magani, mai ɗaci da kumfa, kuma sau uku ake yi. Na shanye na farko na miƙe, ya ce in zauna, ba a tashi a na fari. Ya roƙe ni in bar masa baƙin akwatin ya yi nazarinsa, don motocin Najeriya sun sha mutuwa a daidai wannan wuri yana sauke musu tanki a banza. Nasiru ya ce ya ɗauka har abada. Ta-Allah ta ciro kwalaben Alhaji, na taɓa su a kumatuna, sanyi ƙalau. Alhaji ya sa aka sauke mata ƙullin mazarƙwaila mai yawa.

Mun ratsa gefen Maraɗi da la'asar sakaliya. Abin da na riƙe a garin shi ne babura da amalanken shanu suna tafiya tare a titi ɗaya ba mai yi wa wani hon, da mutane ɗauke da wani dogon abu a hammata wanda daga nesa na ɗauka rake ne, ashe burodi ne. Na saya na gwada. Bayansa kamar ƙanzo, cikinsa iska.

Ƙauyen su Alhaji yana gabas da garin, hanyar yashi. Muna tsayawa ya buɗe ƙofa tun injin bai mutu ba. Gwaggo Hajo tana zaune a ƙofar ɗakinta, 'yar tsohuwa siririya, idanunta fari fat. Ya yi sallama. Ta juyo da kunnenta wajen muryar, ta ce, "Yaya?" Ya durƙusa a gabanta, shi da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa a masallaci sai a kan kujera. Ta shafa fuskarsa tun daga hula har gemu, ta ce, "Ka tsufa." Ya ce, "Ke ma." Ni da Nasiru muka koma wajen mota muka yi kamar muna duba taya.

Kwana ɗaya muka yi cikakke a can. Na ci tuwon gero da miyar yakuwa, na ci dambun zogale da ƙuli, na gyara rediyo uku da fitilar sola ta masallaci, don labari ya riga ya bazu cewa an zo da mai wuta. Gwaggo ta sa aka kira ni, ta ce in ba ta labarin motar da bakina. Na ba ta, ta sa na maimaita wurin da aka ce mota ta ɗauke mu ɓarayi. Tun daga nan ba ta kirana da suna, sai "mai babbar murya".

Ranar Lahadi muka juyo tun da sassafe, ita da Alhaji a baya, ni a gaba. Ba mu tsaya ko'ina ba sai salla da shan mai. Da muka zo wajen bedin nan Malam Sale ya ɗaga mana hannu daga ƙarƙashin wata mota. Suka sauke ni a Makarfi na hau babur zuwa gida, su suka wuce Kaduna. Aka yi mata aiki ranar Litinin, ido ɗaya, bayan wata guda aka yi ɗayan.

Makon jiya ina kwance a ƙarƙashin dashbod ɗin wata tasi, ƙafafuna a waje, na ji mota ta tsaya a bakin gareji. Nasiru ya yi sallama ya ce in fito ana nemana. Na fito ina goge hannu. Gwaggo Hajo ce tsaye da baƙin tabarau, ba mai riƙe da hannunta. Za a mayar da ita gida, ta ce ba za ta tafi ba sai an biyo da ita Ikara. Na durƙusa na gaishe ta. Tana jin muryata ta cire tabarau, ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ba nisa ba ne don ni gajere ne, kowa ya sani.

Ta ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo."

Ta ce, "Ni da nake ba mutane labari ina cewa wani ƙato ne." Ta ƙara dubana, ta ce, "To, tashi in gan ka da kyau. Tun daga Kaduna nake lissafin waɗanda nake so in gani da idona, kai ne na uku."

Na tashi na tsaya, da baƙin mai har gwiwar hannu, ta gama kallona.